Kwari, Ba Ƙugiya

Zuwa ga Sarkin Ruwa, ɗan Goggo,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da kogin da aka ba ka gadi. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Baba jiki da sauƙi. Hannun dama da ƙafar har yanzu ba sa motsi, amma yana cin abinci, kuma yana harara ta in na makara da shayinsa, ka ga kuwa da sauran ƙarfi. Kullum da safe ni da Mai Kitso, maƙwabciyarmu, muna ɗauko shi a kujerarsa mu ajiye a bakin ƙofa. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Magini, barka da hantsi," shi kuma ya ɗaga hannun hagu. Likita ya ce zaman nan ya fi masa rabin magungunansa amfani. Na leƙa Goggo, ƙafar ce ke ɗan taɓa ta. Ta ce in gaya maka ta haifi ɗa ne, ba ma'aunin ruwa ba.

Dalilin rubutun ke nan. Mutanen ofishinku na hukumar birni sun shigo unguwa da hulunan kwano. Sun auna layinmu, sun leƙa kwata, sun ƙwanƙwasa bangon kowane gida suna rubutawa. Wata injiniya doguwa ta tara mu ta ce za a faɗaɗa babbar magudanar ruwa, wasu gidaje za su tashi, wasu kuma za a bar su a ɗaga musu tushe. Ta ce an gina benaye a kan tudu, wanda ya yarda a mayar da shi kafin damina. Ni har ta ware ni gefe ta ce saboda Baba za a ba mu ɗaki a hawan ƙasa, irin ɗakunan kuma ba su da yawa, in yi shawara kafin su dawo.

To ni dai ban san wa zan yarda da shi ba. Kowa suka samu sai su ce masa tashi ya fi. Mai shagon kan kwana ya rantse filin suke so su yi kantuna. Wasu sun ce gidan da gininsa ke da ƙarfi ba mai taɓa shi. Ina zaune kan keke sai in ga na ɗinke hannun riga a wuya, jiya sai da na farke aiki sau biyu. An ce duk abin da suka rubuta yana cikin taswirar da kuke yawo da ita. Kai ka zauna a gidan nan duk shekarun karatunka, ka ci ka sha, ka fasa mana tulu ka ce mage ce. Ka duba mini, ka faɗa mini gaskiya ba irin ta ofis ba. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, ba za ka yi mini baki biyu ba.

Tun ranar da suka zo wata kalma ta maƙale wa Baba, ba ya faɗin komai sai ita: ƙwari. Harshen ba ya kama ƙ ɗin sosai, amma na gane. Na fitar da katifa rana, na kaɗe, na fesa magani har na yi ta atishawa, ban ga ko kuɗin cizo ɗaya ba. Har yanzu yana faɗa.

In za ka ba da amsa, don Allah ka sa wa haruffanka ƙugiya. Mutum da digirinsa, amma sai ya rubuto mini "ina kara gaisuwa," in tsaya ina tunanin wane kara, na dawa ko na rake. Na gaji da bin wasiƙunka da biro ina rataya musu abin da ka bari. Direban da ke kai muku kaya zan ba wa wannan, tunda ka zaɓi wurin da waya ba ta shiga.

Taka,
Tela

*

Zuwa ga Tela, uwar gyara,

Amin, wa alaikis salam. Na samu takardarki, na ji daɗin jin Kawu yana samun sauƙi. Ki gaishe shi, ki riƙe masa hannun hagun a madadina. Ki ce wa Goggo ma'aunin ruwa yana gaishe ta, kuma yana cin abinci. Lafiyata ƙalau, in ban da sauro da kaɗaici. Aikin bai wuce in sauka bakin kogi in karanta sandar awo, in hau in faɗa wa ofis ta rediyon oba-oba, in zauna ina kallon ruwa yana wucewa zuwa wajenku ba. Ba ni da abokin hira sai mai gadi, shi kuma hirarsa ba ta wuce ciwon bayansa.

Ki dubi wasiƙar nan da kyau. Kowace ƙ, kowace ɗ, kowace ɓ, na zauna na rataya mata ƙugiyarta kamar mai shanya. Ki ajiye bironki, yau ba ki da aiki. Tulun kuma har gobe mage ce.

Direba ya sauke kaya yana ta danna mini ham, yana son ya haye gada kafin hadarin can ya sauko, don haka zan taƙaita. Na buɗe taswirar na duba layinku. Wajen gidanku akwai kwari sosai. Duk layin babu kamarsa. Ni kaina da na zauna a ciki ban san ya kai haka ba sai da na gani a takarda. Kawu kuwa ya sani, shi ya haƙa tushen da hannunsa. Maganar ɗakin da suka yi miki tayi, kin ga amsa ta fito da kanta. In sun dawo kada ki tsaya jan magana da su irin yadda kika saba, ki gama da su a take. Hakan ne zai kwantar mini da hankali.

Sauran bayani sai zuwan direba na gaba.

Ɗan Goggonki

*

Zuwa ga Sarkin Ruwa,

Gaisuwa da fatan alheri, da yi maka jajen sauro. Muna lafiya. Baba yana nan yadda ka sani, sai ɗan tari da ya taso masa, na karɓo magani. Goggo ta ji saƙonka ta yi dariya har da hawaye, ta ce aƙalla ma'aunin yana da baki.

Allah ya saka maka da alheri. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da na karanta layin nan naka. Na karanta shi a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na fita tsakar gida na dafa bangon nan na ce, ashe kai ne gwarzon layi. Na yaba da ƙoƙarinka a kan ƙugiyoyi, har na fara tsoron wani ka ba ya rubuta maka. Amma hali dai hali ne. Ka rataya wa kowace kalma, ka zo kan wadda ta fi kowace muhimmanci ka tsallake. Kwari ka rubuta, maimakon ƙwari. Kada ka damu, na sa maka da jan biro.

Kuma ka ga ka warware mini maganar Baba. Ni ina can ina yaƙi da katifa, ashe bawan Allah ba ƙwarin gado yake nufi ba, ƙwarin gininsa yake faɗa mini. Magini ne, an zo ana ƙwanƙwasa masa bango kamar ana sayen kankana, dole ransa ya sosu. Na durƙusa na ce masa, "Baba, na gane, ɗan Goggo ma ya ce akwai ƙwari, ba inda za mu." Ya kama zanena da hannun hagu yana ja, idonsa ya kawo ruwa. Ni ma sai da na share nawa.

Injiniyar ta dawo. Na bi maganarka, ban bar ta ta zauna ba. Ta fara buɗe takarda za ta yi mini bayani, na ce ta huta, ina da ɗan'uwa a cikinku, ya riga ya duba mini, mun gode. Ta tsaya tana kallona, ta tambaya ko na tabbata. Na ce ko ita ba ta kai ni tabbata ba. Sai na roƙe ta alfarma ɗaya, ta mayar da ɗakin ƙasan ga Mai Kitso. Ka san gidansu na haya ne, bangon duk ya tsage, ga tsohuwarta ba ta gani, an kuma ba su hawa na huɗu. Ta yarda. Mai Kitso ta rungume ni tana kuka, ta ce har ta mutu ba za ta taɓa karɓar ko sisina a kan kitso ba. Na ce da wane gashin.

Yanzu na sa an kawo siminti za a gyara dakalin ƙofa, don kujerar Baba ta zauna daidai. Mutane suna ta ɗaure kaya, ni ina ɗinki ina waƙa. Mai shagon kan kwana ya ce in tambayar masa kai nasa shagon, na ce Sarkin Ruwa ba ya duba wa bare.

Ina jiran sauran bayanin da ka ce.

Taka,
Tela

*

Zuwa ga ɗan Goggo,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu dai da sauƙi. Tarin Baba ya tafi, amma cin abincin ya ragu.

Na kai wasiƙa tasha aka ce direbanku yana can bai dawo ba. Na koma aka ce ya dawo ya sake tafiya da tawa. Na sake komawa aka ce ba a san inda ya tsaya ba. Wannan zan bar ta wajen mai sayar da tikiti. In gyaran da na yi maka ne ya ɓata maka rai, ka yi haƙuri, wasa ne irin wanda muka saba tun muna yara. Ban san ka da riƙo ba.

Layinmu ya zama wani iri. Motoci sun kwashe mutane, an ciccire ƙofofi da tagogi, gidaje sun bar baki buɗe. Mai Kitso ta tafi. Mai shagon da ya rantse ba zai motsa ba shi ya riga kowa. Yanzu ba mai kama mini kujerar Baba, sai in shimfiɗa buhu a ƙarƙashinta in ja har bakin ƙofa. Yana zama a kan sabon dakalin, ya kalli hagu ya kalli dama. Jiya tun safe har rana ta take, mutum biyu kacal suka wuce, ɗayan ma direban katafila ne, bai san shi ba, bai gaishe shi ba. Baba ya ɗaga masa hannu duk da haka.

Ruwan farko ya sauka. Ba wani ruwan kirki ba ne, amma abin da ya ba ni mamaki, ba ta sama ya dame mu ba. Ta kwatar tsakar gida ya ɓullo, baƙi, yana tafasa kamar tukunya. Kafin in ankara ƙwaryar zarena tana yawo a kai. Na ɗora keke a kan bulo, na naɗe yadukan mutane na cusa saman kwaba. Ya janye kafin la'asar, ya bar mana laka da wari. A bara sai an yi kwana da kwanaki ana ruwa kafin mu ga haka. Tun da suka faɗaɗa magudanar can sama, gani nake duk ruwan kasuwa da na tasha nan yake tambayar hanya.

Baba ya ƙi barci da rana, ya ƙi shayi. Yana bugun hannun kujera, yana nuna ƙasa, yana faɗin kalmar nan tasa har muryar ta dushe. Ina ce masa na sani, na sani, ba mai rushe maka gida. Sai ya juya fuska bango.

Ni ma na kasa zama wuri ɗaya. In hau keke, in sauka, in leƙa sama, in dawo. Ban ce ka yi ƙarya ba, bango ko tsagewa bai yi ba. Amma akwai abin da nake ta juyawa a raina. Ƙwarin bango yana hana ruwa shiga ta ƙofa ne? Ka ce akwai sauran bayani. Ka aiko shi, ko layi biyu ne.

Tela

*

Tela,

Sallama. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya, ki gaida Kawu. Ki yafe gajeriyar gaisuwa.

Ruwa ya cinye bakin gada, mota ba ta iso mu ba sai yau. Wasiƙunki biyu tare suka zo. Na fara da ta farko ina murmushi, na kai inda kika ce kin sa mini da jan biro, sai na saki salati. Mai gadi ya ɗauka rasuwa aka yi.

Babu ƙugiya, Tela. Ban manta ba, ban tsallake ba. Kwari na rubuta, kwari nake nufi: gangare, wuri mai zurfi, inda ƙasa ta lotsa. Gidanku shi ne gindin kwanon unguwar gaba ɗaya. Taswirar da ke hannuna ba ta san ƙarfin bango ba, tudu da kwari kawai take nunawa. Shirin hukuma shi ne a bar ruwa ya taru a layinku da gangan, ya zama tafki, ya huta a nan kafin ya wuce, don kada ya shiga asibiti da kasuwa da sauran gari. Shi ya sa aka faɗaɗa magudanar. Abin da kika gani yana ɓullowa ta kwata somin-taɓi ne. Da na ce ki gama da su a take, cewa nake ki karɓi ɗakin kafin wani ya riga ki.

Na koma na karanta wasiƙarki ta can farko, inda kika ce harshen Kawu ba ya kama ƙ. Harshensa lafiya lau yake kama abin da yake son faɗa. Ba ƙwarin gado yake nufi ba, ba na bango ba. Ni da shi magana ɗaya muka yi miki, kika sa mana ƙugiya mu duka biyu. Ba faɗa nake yi ba. Ni ma na karanta layin nan a lokacin na wuce shi ina dariyar katifa.

Na kira ofis ta oba-oba, na nace har aka haɗa ni da injiniyar. Ta tuna ki sarai. Ta ce ta so ta tambayi wane ɗan'uwa ne wannan, kika rufe ƙofa. Ɗakunan ƙasa sun ƙare. Saura na can sama, wanda Mai Kitso ta bari, kuma sai kin je da kanki kin ce kina so.

Kogi a nan ya wuce inda ya tsaya bara, kuma a can gaba da mu ana ta ruwa ba ƙaƙƙautawa. Duk abin da ya wuce ta gabana wajenku ya nufa. Ina tsaye ina karanta lamba ina faɗa wa ofis, ba ni da ikon tare ko cokali ɗaya. Na nemi izinin tahowa an hana, babu mai karɓar aikina. Ki ajiye wasiƙar nan ki sa mayafi ki tafi. Kada ki tsaya ba ni amsa.

Ɗan Goggo

*

Sarkin Ruwa,

Mun gaishe ka. Baba yana nan. Ni ban san ko lafiya nake ba.

Ka ce kada in ba ka amsa, to sai na bayar. Kalmomi sun ƙare a duniya ne? Ba ka iya rubuta rami ba? Ba ka iya rubuta gangare ba? "Ku tashi" haruffa nawa ne? Shekara da shekaru kana aiko mini da rubutu tsirara ina suturta shi, sai rana ɗaya ka shiryu, ranar da shiriyarka za ta kashe ni. Na yayyaga wasiƙarka, na tattara, na zauna a ƙasa na jera ta kamar yankan riga ina sake karantawa. Haushinka nake ji, amma wanda nake ji na kaina ya fi, kuma ba ni da inda zan aika masa takarda.

Na je wajen Baba na durƙusa. Na ce, "Baba, kwari?" Na faɗe ta yadda yake faɗa, ban gyara masa ba. Ya rufe ido ya sauke wata ajiyar zuciya, ya saki hannun kujerar da ya yi makonni yana bugu. Ya karɓi shayi. Mutumin nan kalma ɗaya ta rage masa a duniya, ya yi ta miƙo mini ita, ni kuma ina fesa mata maganin sauro.

Na je ofis. Injiniyar ba ta ce mini komai na cin fuska ba, da ma ta ce, da na samu abin riƙewa. Ta ce in Mai Kitso ta yarda mu yi musanya, ita ba ta da matsala. Na hau mota na tafi tudun. Duk hanya ina shirya magana, yadda zan fara, inda zan yi dariya don kada abin ya yi nauyi.

Na samu ƙofarsu a buɗe. Mai Kitso ta fita ɗebo ruwa. Tsohuwarta ce kaɗai, tana tsaye tana bin bango da tafin hannu, tana magana da kanta: nan taga, nan makunni, nan hanyar bayi. Ta ji motsina ta tambaya wane ne. Da na faɗa, sai ta lalubo fuskata da hannu biyu, ta ce yau ne karo na farko da ta kai kanta bakin ƙofa ba wanda ya ja ta, ta yi ta sa mini albarka har da iyayena da kakannina, ciki har da kakarka. Mai Kitso ta dawo ta tambaya ko lafiya. Na ce zumunci ne ya kawo ni. Ta zaunar da ni ta tsefe mini kai.

Kafin in tafi na hau na ga ɗakin saman. Matakalar ƙunci gare ta, tana lanƙwasa a kowane hawa, kujerar Baba ba za ta juya ba. Ni mai ƙafa biyu sai da na huta a hanya. Na tambayi likita, ya ce a hau da shi a hankali, amma kada a mayar da hawa da sauka al'ada, zuciyar ba za ta ɗauka ba. Ka gane abin da hakan ke nufi. In ya hau, ya hau ke nan.

Ban ce ina so ba tukuna. Na dawo gida ina zagaye tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Sama ta haɗe tun ɗazu.

Tela

*

Tela,

Gaisuwa gare ki da Kawu. Na karɓi faɗan, na cancanci rabinsa, sauran rabin ki ajiye mini sai na zo.

Ba sauran shawara. Na roƙi direba, ya yarda in ya sauke kaya ya wuce kai tsaye ƙofarku da motar, da mutum uku daga tasha. Injiniyar ta ce ki sa hannu ko bayan kun shiga. Ga shi da manyan haruffa, babu mai buƙatar ƙugiya a ciki: KU TASHI YAU.

Ɗan Goggonki

*

Zuwa ga ɗan Goggo,

Sallama irin ta mutanen sama. Ina fatan kana lafiya, kogin kuma ya fara sassauta maka. Mun tashi, muna lafiya. Goggo ta zo ta tsaya a ƙasa ta ɗaga murya ta gaida Baba, ƙafarta ba ta bar ta ta hau ba.

Direbanka mutumin kirki ne. Sun kwashe keke da gado da yadukan mutane, yayyafi na dukan su. Da muka zo matakala kujerar ta ƙi, kamar yadda na faɗa. A bargo suka sa shi, mutum huɗu kowa ya kama kusurwa. Mutumin da ya hau saman gini da bulo a ka, yau ga shi ana juya shi a lungun bene kamar ƙullin wanki. Ya runtse ido tun daga ƙasa bai buɗe ba sai da aka kwantar da shi. Ina biye da su riƙe da takalmansa, ban san me ya sa na ɗauko su a hannu ba.

Ruwan ya zo washegari, ya wuni ya kuma wuni. Da ya ɗauke na ja kujerar Baba bakin taga. Daga nan ana ganin unguwar gaba ɗaya, kuma ko wanda bai taɓa ganin taswira ba zai gane. Ƙasa ta gangaro ta kowane gefe ta haɗu a layinmu, ruwa ya kwanta a ciki shame-shame. An ce kasuwa ba ta jiƙe ba, asibiti ma haka. Shirinku ya yi aiki, ka gaya wa injiniyar na ce a gaishe ta.

Amma bari in ba ka labarin da zai hana ka yi mini dariya har abada. Gidan haya na su Mai Kitso ya zube. Shagon kan kwana ya rufta. Namu yana tsaye, ruwa har bakin taga, ko ɓarɓashi bai zubar ba. Na nuna wa Baba na ce, "Ga kwarinka, ga kuma ƙwarina." Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. Rabon da in ga haka tun kafin ciwon. An ce bayan damina katafila za ta shiga, ina tausaya wa direbanta.

Ɗakin ba laifi. Akwai iska, akwai haske, na fi ganin ramin allura. Masu kawo ɗinki suna hawowa suna haki suna zagina, suna kuma dawowa. Mai Kitso ta gane abin da ya faru, ban san wa ya gaya mata ba. Ta hau da kuka ta ce sai mun yi musanya. Na ce ta sauka kafin in jefa ta ta taga, tsohuwa ta riga ta haddace bangonta.

Abu ɗaya ne na kasa yi wa magani. Kowace safiya, da ya gama shayi, sai Baba ya ja zanena ya nuna ƙofa. Na ɗauka taga zai fi so, ga gari duka a gabansa, amma ina. Sai in ja kujerar in buɗe ƙofar, ya zauna yana kallon kan matakala da bangon da ke gabanta. Mu ne ƙarshen bene, ba mai wucewa ta nan zuwa ko'ina. In ya ji taku daga ƙasa sai ya gyara zama ya fara ɗaga hannun hagu, takun ya tsaya a hawa na biyu ko na uku, a rufe wata ƙofa, ya mayar da hannun kan cinya. Ina kan keke ina jin komai, ba na juyowa. Ni na yi masa wannan, da jan biro.

Direba ya ce an samu mai karɓar ka, kana tafe in hanya ta bushe. Kada ka kawo tsaraba, ba wurin ajiyewa. Abin da nake roƙo, in ka iso kada ka hau shiru irin naka. Ka tsaya tun daga ƙasan bene ka ɗaga murya ka ce, "Magini, barka da hantsi." Ka sake faɗa a kowane hawa, kuma ka taka a hankali, don ya daɗe yana jin mutum na tahowa wajensa.

Taka,
Tela